Hasashen Damina a Ma'aunin Jama'a: Yadda Ake Gane Ko Kimiyya Na Ci Gaba

Awon hasashe da idon jama'a hanya ce ta gwada ilimi da abin da ya faɗa tun kafin abin ya faru. Masana su rubuta abin da suke tsammani, su sa masa rana, su ajiye a inda ba za a iya gyara shi ba. Idan lokaci ya yi, sai mutane masu yawa da ke warwatse a wurare dabam-dabam su kawo rahoton abin da suka gani, a gwama maganar da aukuwar, a ba ta maki. Idan aka yi shekaru ana haka, jerin makin shi ne ke nuna ko fannin na matsawa gaba, ko yana tsaye, ko kuwa surutunsa ne kawai ya ƙaru.

Dalilin neman wannan hanya shi ne raunin sauran ma'aunan. An saba auna ci gaban bincike da yawan maƙalun da aka buga, da yawan masu digirin digirgir, da kuɗin da aka kashe. Duk waɗannan suna nuna ƙwazo, amma ba su nuna cewa an ƙara sanin gaskiya. Jami'a na iya ninka maƙalunta alhali manomi bai ƙaru da komai ba. Hasashe kuwa ba ya ɓuya: ko ya auku ko bai auku ba.

A ƙasar Hausa babu hasashen kimiyya da ya shafi rayuwar mutane kamar na damina, kuma babu wanda ya fi shi yawan shaidu. Gari kamar Kademi, a ƙaramar hukumar Gaya da ke gabashin Jihar Kano, da ƙauyukan Ajingi maƙwabciyarta, suna cike da mutanen da ke yanke wa wannan hasashe hukunci kowace shekara, ko da babu mai rubuta hukuncin nasu.

Abin da ake faɗa wa Gaya da Ajingi

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, takan fitar da hasashen daminar shekara tun a farkon shekara, watanni kafin hadari ya fara haɗuwa a Arewa. Littafin yakan bi ƙananan hukumomi 774 na ƙasar ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowace abu huɗu: ranar da ake sa ran ruwa zai zauna, ranar da zai ɗauke, tsawon lokacin noma, da jimillar ruwan shekara a milimita. Yakan kuma yi gargaɗi game da tsayawar ruwa a tsakiyar damina. Gaya na da layinta a ciki, Ajingi ma na da nata.

Wannan magana ce mai nauyin aljihu. Manomin Kademi da ya ji cewa damina za ta yi gajarta yana iya barin dawa mai jan lokaci ya koma gero da wake mai saurin nuna. Wanda ya ji za ta zo da wuri yana iya yin binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Ɗan kasuwar Dawanau da ke da buhuna a sito yana lissafin ko ya riƙe ko ya sake. Ma'aikacin da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba shi ne zai biya sakamakon duk waɗannan shawarwari a farashin kwanon gero. A Ajingi akwai ƙarin damuwa, domin kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja yana bi ta yankin, kuma shekarar ruwa mai yawa tana iya zame wa masu gonakin bakin kogi asara maimakon albarka.

Ya kamata a faɗi tun a nan cewa hasashen yanayi ba duba ba ne, kuma masu yinsa ba su da'awar sanin gaibu. Ƙiyasi ne da aka gina a kan alamu, kamar yadda tsoho ke ganin shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari ya ce damina ta kusa. Bambancin shi ne alamun masana sun haɗa da ɗumin ruwan tekun Atilantika da na Fasifik. A 1986 masu bincike na hukumar yanayin Ingila suka nuna cewa ruwan yankin Sahel na da alaƙa da yadda zafin saman tekuna ke sauyawa, kuma a kan wannan aka gina hasashen damina na zamani. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke haɗuwa kowace shekara su fitar da hasashe na bai ɗaya, ƙarƙashin cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET, waɗanda dukansu ke Yamai.

Matsalar shaida ɗaya

NiMet takan buga, a cikin littafin kowace shekara, bitar yadda hasashen bara ya kasance. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma ba kowace hukuma ke yin irinta ba. Sai dai bitar tana dogara ne da tashoshin awo, kuma tashoshin ba su da yawa. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ake buƙata ba. Tashar da aka fi sani a Jihar Kano ita ce ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano, kuma tarihin awon ruwan birnin ya koma har 1905, abin da ya sa ake iya gwama farin 1913, wanda ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba, da na 1973 da na 1984. Tarihi ne mai daraja, amma na wuri ɗaya ne, kuma tsakaninsa da gonakin Gaya akwai tafiyar kilomita masu yawa.

A Turai irin wannan tazara ba ta cika ɓata lissafi ba, domin ruwansu yakan zo a shimfiɗe. Namu kuwa na hadari ne, mai zaɓen gona. Kowa ya san a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan unguwa, a waccan ko ɗigo. Masu bincike sun auna wannan a farkon shekarun 1990, lokacin da suka kafa ma'aunai kimanin ɗari a kewayen Yamai. A daminar 1992 sun sami bambancin fiye da milimita 200 tsakanin wurare biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta. Bambancin milimita 200 ke nan ya isa ya raba mai cika rumbu da mai sayen hatsi tun kafin bazara.

Saboda haka hukuma na iya cewa hasashenta ya yi daidai, manomin Kademi ya ce bai yi ba, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya. Ɗaya na magana a kan ma'auninsa, ɗaya a kan gonarsa. Abin da zai raba gardamar shi ne a yawaita shaidu.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1860 wani Bature mai suna George Symons ya fara tattara awon ruwa daga masu sa kai a Birtaniya, limaman coci da likitoci da masu lambu. Ya fara da wurare 168, kafin rasuwarsa a 1900 sun haura 3,000. A Amurka, ambaliyar da ta auka wa garin Fort Collins a watan Yulin 1997 ta nuna cewa ma'aunan hukuma ba su ga inda ruwan ya fi zuba ba. A shekara mai bi aka kafa ƙungiyar masu awo ta sa kai da ake kira CoCoRaHS, wadda yanzu ke da dubban mutane masu leƙa ma'auninsu kowace safiya. Misali mafi kusa da mu shi ne na Mali. Tun 1982 hukumar yanayin ƙasar ta fara bai wa manoma ma'aunin ruwa mai sauƙi, suna aunawa, suna aika rahoto, ana haɗawa ana mayar musu da shawara ta rediyo duk kwana goma. Daga baya Hukumar Yanayi ta Duniya ta yaɗa tsarin zuwa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, ana raba ma'aunan roba a tarukan manoma.

Yadda ake ba da maki

Tara shaidu rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne yarda a kan yadda za a yi hukunci, domin lissafin da ya yi kama da adalci yana iya yaudara.

Labarin da ake koya wa ɗaliban fannin shi ne na John Finley, sojan Amurka da ya gwada hasashen guguwa mai juyi a 1884. Ya yi hasashe 2,803, ya ce ya dace a fiye da kashi 96 cikin ɗari. Nan da nan aka nuna masa cewa da ya zauna kurum yana cewa “ba za a yi guguwa ba” kowace rana, da ya sami kashi 98, tun da guguwar ba ta cika aukuwa ba. Haka yake a nan. Wanda ya ce ba za a yi ruwa a Gaya cikin watan Janairu ba zai dace kusan kullum, kuma ba a kiransa masani. Wanda ya ce za a yi ruwa cikin makon tsakiyar Agusta, lokacin marka, shi ma bai kawo labari ba. Gwanintar hasashe ita ce abin da ya ƙara a kan abin da kowa ya riga ya sani daga al'adar shekaru. Duk lokacin da aka ji wata hukuma ta ce hasashenta ya dace da kashi kaza, tambayar da ta kamata ita ce: da an bi al'adar shekaru kawai, kashi nawa za a samu?

A 1950 wani masanin yanayi mai suna Glenn Brier ya kawo hanyar lissafi da ake amfani da ita har yau. Mai hasashe zai faɗi ƙarfin zatonsa da lamba. Idan ya ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 ce, aka kuma yi ruwan, kuskurensa 0.3 ne, a ninka shi da kansa ya zama 0.09. Idan ba a yi ba, kuskuren 0.7 ne, ninkinsa 0.49. Ana tara waɗannan a raba da yawan kwanaki, kuma mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Mai noƙewa, wanda kullum yake cewa rabi da rabi, zai tsaya a 0.25 har abada. Mai cika baki, wanda ke cewa tabbas, idan ya faɗi yakan faɗi da nauyi. Kyawun tsarin shi ne babu dabarar cin sa sai mutum ya faɗi ainihin abin da yake zato.

Akwai kuma batun ma'anar kalma. Mene ne “zaman damina”? Ga mutumin birni, ruwan farko da ya kwantar da ƙura. Ga manomi, ruwan da zai jiƙa ƙasa har a yi shuka kuma shukar ta rayu. A 1988 wani mai bincike a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, M.V.K. Sivakumar, ya ba da ƙa'idar da ta yaɗu: ranar da aka tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, bayan 1 ga Mayu, muddin ba a sami fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana talatin masu biyowa. Sharaɗin ƙarshen shi ne mai muhimmanci, domin yana nufin ba a iya tabbatar da cewa damina ta zauna sai bayan wata guda. Ruwan yaudara, wanda ke sa a yi shuka sannan ya ɗauke ta ƙone, shi ne ya fi cin irin talaka. Idan ba a daidaita a kan ma'ana ba tun farko, rahotannin mutum dubu ba za su haɗu su zama hukunci ɗaya ba.

Abin da awon ya nuna

Inda aka daɗe ana wannan awo, sakamakon a bayyane yake. Hasashen yanayi na kwanaki yana ƙaruwa da kimanin kwana ɗaya a kowace shekara goma, wato hasashen kwana shida na yau ya kai ingancin na kwana biyar na shekara goma da suka wuce. Da wuya a sami wani fanni da zai iya nuna ci gabansa a lamba ƙarara haka, kuma ya iya ne saboda ana gwada shi kowace safiya.

Sai dai wannan nasara ba ta rabu daidai ba. A 2018 masu bincike daga Karlsruhe ta Jamus suka gwada manyan na'urorin hasashe na duniya a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, yankin da ya haɗa da namu. Suka tarar cewa ko hasashen ruwan gobe, idan an ɗauke shi yadda ya fito, bai kai dogaro da al'adar shekaru ba, kuma bayan an gyara shi da lissafi ma ɗan abin da ya ɗara ta kaɗan ne. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa. Hadarin Sahel na da wuyar kamawa, kuma na'urorin ba su samun isassun bayanai daga ƙasa. Amma ya kamata mai duba hasashen wayarsa a Kano ya san da shi.

Sauran fannoni sun ari tsarin. Tun 1994 masu nazarin surar sinadaran furotin ke yin gasa duk shekara biyu, mai suna CASP: a ba su sinadaran da aka riga aka gano surarsu amma ba a bayyana ba, kowa ya kawo hasashensa, alƙalai su gwama. An yi shekaru ana tafiyar hawainiya, sai a 2020 manhajar AlphaFold ta yi tsalle mai nisa, kuma ba a yi dogon musu ba domin ma'aunin ya girme ta. Aikin ya kai ga kyautar Nobel a 2024. A fannin nazarin halayyar ɗan Adam kuwa awon bai yi daɗi ba: a 2015 aka sake gudanar da bincike ɗari da aka riga aka buga, ƙasa da rabinsu suka ba da sakamakon farko. Abin lura shi ne an sa masana su yi ƙiyasi tun kafin a sake, kuma ƙiyasinsu na tare ya gane wanda zai tsaya da wanda zai faɗi a kusan kashi 70 cikin ɗari. Ashe jama'ar fannin sun san raunin, ba a dai taɓa tambayarsu ta hanyar da za a iya ƙirgawa ba.

Iyakar hikimar taro

A 1906, a wani bajekolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, mutane kusan 800 suka yi gasar cankar nauyin naman wani sa. Francis Galton ya karɓi takardun, ya sami 787 masu karantuwa, ya jera su. Ta tsakiya ta ce fam 1,207, ainihin nauyin kuwa 1,198. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ranar Juma'a ya ga dillalai na ƙiyasta sa da ido ba zai yi mamaki sosai ba. Sharaɗin da ake mantawa shi ne kowa ya rubuta nasa ba tare da ya ji na wani ba. Kuskuren wannan ya yi sama, na wancan ya yi ƙasa, suka kashe juna. Idan mai gari ya fara magana sannan aka tambayi sauran, an sami ra'ayi ɗaya ne da baki ɗari.

Tunani ma ba abin dogaro ba ne. Mutum yakan riƙe shekarar da aka ce masa za a yi ruwa ba a yi ba, ya manta shekaru biyar da aka dace. Shi ya sa rahoton da ake so shi ne wanda aka rubuta a ranar, daga ma'aunin da aka kafa a fili, nesa da inuwar bishiya da indararo, aka karanta a lokaci guda kowace safiya, har da ranakun da aka tarar da shi a bushe. Sifilin nan ne masu sa kai suka fi mantawa, alhali da shi ake gane tsayawar ruwa. Akwai kuma son rai: inda rahoton fari ko na ambaliya zai jawo tallafi ko biyan inshora, lambobi sukan karkata. Maganinsa shi ne yawan masu awo da gwama maƙwabci da maƙwabci, tare da hoton tauraron ɗan Adam.

’Yan kasuwa suna da nasu ma'aunin, ko ba su kira shi da wannan suna ba. Farashin hatsi a watan Agusta ƙiyasin dubban mutane ne game da kakar da ba ta zo ba, kuma kowannensu ya sa kuɗinsa a kan zatonsa. A 1984 masanin tattalin arziki Richard Roll ya nuna cewa farashin cinikin ruwan lemo na gaba a Amurka yana ɗauke da labarin sanyin Florida wanda hasashen hukuma bai kama ba. A nan gida farashin na gauraye da tsadar mai da darajar naira da matsalar tsaro, don haka shaida ce mai hayaniya, amma shaida ce.

Ma'aunin ba ya tambayar asalin mai hasashe, kuma wannan ya buɗe ƙofa ga ilimin gida. Malamai da tsofaffin manoma na lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, kuma sun san halin Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha a tsakiyar damina. Suna kallon juyawar iska, da lokacin da gawo ya fara kaɗe ganye. Masu raina wannan da masu kare shi duk magana suke yi ba tare da ƙidaya ba. Idan aka rubuta abin da dattijo ya faɗa a watan Afrilu kusa da abin da NiMet ta faɗa, aka ajiye har Oktoba, lissafin Brier zai yi musu hukunci iri ɗaya.

Abin da gari kamar Kademi ke buƙata don shiga wannan aiki bai da tsada: ma'aunin roba a makarantun firamare da gidajen masu unguwanni, littafin rubutu, wayar hannu, da wanda zai tattara, ko malaman gona na KNARDA ko ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ko Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Abu mai tsadar shi ne haƙuri. Hasashen damina sau ɗaya ake yinsa a shekara, kuma na yanki yakan zo ne da yiwuwa uku, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, misali kashi 45 da 35 da 20. Idan mai kashi 20 ta auku, hasashen bai yi ƙarya ba, domin ya ce hakan na faruwa sau ɗaya cikin biyar. Damina ɗaya ba ta isa a wanke shi ko a kama shi ba, goma ma da ƙyar. Masana yanayi sukan ɗauki shekara talatin kafin su ce ga al'adar ruwan wuri, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020.